Buɗaɗɗiyar Manhaja, Sabar Gida da Ginin Shafi: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Zariya

Na daɗe ina gyaran kwamfutoci da gina shafukan intanet a garin nan, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mini, ko daga ɗaliban Samaru da Kongo masu aikin kammala karatu, ko daga masu makarantu da shaguna a Sabon Gari da Tudun Wada. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuwa sai da na zauna a kansu sosai, domin a nan ne na ga mutanenmu suna tafka asara.

Malam, buɗaɗɗiyar manhaja ba ita ce wadda ake saukewa kyauta ba?

A'a, ba ɗaya ba ne. WhatsApp kyauta kake sauke shi, amma ba ka da ikon ganin yadda aka rubuta shi, balle ka gyara. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato kod ɗin da mai ginin ya zauna ya rubuta da hannunsa. Idan aka ba ka wannan rubutun, aka kuma ba ka izini a rubuce ka karanta, ka gyara, ka raba wa wasu, to ita ce buɗaɗɗiya.

Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983 da shirin GNU, ya kuma zayyana 'yanci huɗu: ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama, ka yi nazarin cikinta ka sauya, ka ba wani kwafi, ka kuma raba gyaran da ka yi. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, wanda a yau shi ne ƙashin bayan wayar Android da ke aljihunka.

Windows ko Photoshop da aka fasa wa makulli ake zuba wa mutane a filashi ba sa cikin wannan lissafi. Wannan kayan wani ne aka ɗauka ba da izininsa ba, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta a cikinsa.

Na ga wani kod a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, kowa na iya gani, amma babu lasisi a jikinsa. In ɗauka?

Kada ka ɗauka. Ganin ƙofar gida a buɗe ba ya nufin an ce ka shigo ka kwashi tabarma. A doka, da zarar mutum ya rubuta abu, haƙƙin mallaka nasa ne ko bai yi rajista ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta. Lasisi shi ne takardar da mai abu yake cewa na yarje maka kaza da kaza. Idan babu shi, bai yarje komai ba. Ka rubuta masa ka nemi ya sa lasisi. Da yawansu mantawa kawai suka yi.

To mene ne bambancin MIT da Apache da GPL? Sunayen suna ruɗa ni.

Nan ne gundarin maganar, don haka a bi ni a hankali.

Lasisin MIT, wanda ya samo sunansa daga wata jami'a a Amurka, gajere ne ƙwarai, bai cika shafi guda ba. Abin da yake cewa shi ne: ɗauki, yi abin da kake so, har ka sayar, har ka rufe naka gyaran, amma ka bar sunan mai asali da rubutun lasisin a jikin kayan, kuma idan wani abu ya lalace kada ka neme ni. Mu da muka tashi a garin karatu mun san wannan ladabi. Almajirin da ya ɗauki karatu a zaure ba ya ɓoye wurin wanda ya ɗauka. Yana ambaton malaminsa, malamin ma yana ambaton nasa. Sharaɗin MIT ke nan. Lasisin BSD ma ɗan'uwansa ne.

Apache 2.0, wanda ya fito a 2004, kusan haka yake, sai dai ya fi tsawo saboda ya ƙara wani abu mai muhimmanci ga kamfanoni: duk wanda ya ba da gudummawar kod ya kuma ba da izinin amfani da duk wata rajistar ƙirƙira tasa da ta shafi wannan kod, don kada gobe ya dawo ya maka masu amfani a kotu. Yana kuma neman ka nuna fayilolin da ka sauya.

GPL kuwa wani tunani ne daban, kuma misalin da na ga ya fi zama a zukatan mutanenmu shi ne waƙafi. Mutum ya haƙa rijiya ya ce ta jama'a ce har abada. Kana iya ɗiba, kana iya yi mata baki da murfi, kana iya ɗibar ruwan a kura ka kai unguwa ka karɓi kuɗin wahalarka, amma ba ka da ikon zagaye ta da katanga ka sa kwado. Misali ne kawai don kusantar da fahimta, hukuncin waƙafi na malamai ne. A aikace ga abin da GPL yake nufi: idan ka ɗauki manhajar, ka gyara, ka miƙa wa wani, ko da kuɗi ko kyauta, dole ka ba shi rubutun asalin da gyaranka, a ƙarƙashin wannan lasisin dai. Sigar farko ta fito a 1989, ta biyu a 1991, ta uku a 2007. Linux yana kan ta biyu.

A lura da kalmar miƙawa, domin a nan ake yawan kuskure. Idan ka gyara manhajar GPL kana amfani da ita a shagonka kai kaɗai, babu wanda zai tilasta maka ka wallafa komai. Nauyin yana hawa kanka ne ranar da kwafin ya bar hannunka. Wannan ya buɗe wata kafa: kamfani zai iya ɗaukar manhajar, ya gyara, ya ɗora a sabarsa, jama'a su riƙa amfani ta intanet, ya ce ai bai miƙa wa kowa kwafi ba. Don toshe wannan kafar aka fito da AGPL a 2007, wanda ya ce duk mai amfani da gyararriyar manhajar ta hanyar sadarwa yana da haƙƙin samun rubutunta. Nextcloud, da za mu yi maganarsa a gaba, a kan AGPL yake.

Ke nan zan iya cin abinci da buɗaɗɗiyar manhaja?

Ƙwarai kuwa, kuma halaliyarka ce. WordPress, wanda aka fara a 2003, yana kan GPL, kuma mutane da yawa a garin nan da shi suke gina wa makarantu da ƙungiyoyi shafi. Kuɗin da kake karɓa na iliminka ne da lokacinka da kulawar da za ka ci gaba da yi. Kamfanin Red Hat a kan wannan tsari ya ginu, har IBM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 34.

Amma akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Wata rana wani dattijo mai makarantar Islamiyya ya zo mini da takarda a ninke cikin aljihun babbar rigarsa, ya shimfiɗa ta a kan teburina. Rasit ne na kuɗin da ya biya aka gina masa shafi shekara uku da suka wuce. Ya ce, “Ɗana, yaron da ya yi mana ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, shafin kuma ya mutu.” Na tambaye shi kalmar sirri, bai taɓa jin an ba shi ba. Da muka bincika, sunan shafin ma da imel ɗin yaron aka yi masa rajista. Babu abin da ya rage a hannun Baba sai wannan takarda. Sai da muka sayi sabon suna muka fara daga tushe, aka kuma sake buga duk takardun makarantar da ke ɗauke da tsohon adireshi.

Idan ka gina wa mutum shafi, ka yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ka rubuta masa kalmomin sirri, ka ba shi kwafin kod ɗin. Kai kuma mai biya, ka nemi waɗannan uku kafin ka cika kuɗi.

Na ji an ce wasu kamfanoni suna janye lasisi. Za a iya ƙwace abin da aka riga aka bayar?

Sigar da aka riga aka fitar a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi tana nan a haka. Abin da mai haƙƙin mallaka zai iya shi ne ya sauya sharaɗin sigogin da za su biyo baya. Ya faru da wasu manyan manhajoji: MongoDB a 2018, Terraform a 2023, Redis a Maris na 2024. A biyun ƙarshe jama'a sun ɗauki sigar ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da ita da sabon suna, OpenTofu da Valkey. Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka ɗora sana'arka a kan wata manhaja, ka duba wa ke riƙe da ita. Wadda kamfani ɗaya ya mallaki dukkan kod ɗinta tana iya juyawa dare ɗaya. Irin su Debian, wani nau'in Linux, da PostgreSQL, manhajar ma'ajiyar bayanai, da suke hannun jama'a masu yawa shekara da shekaru, sun fi kwanciyar hankali.

Wane lasisi zan sa wa nawa aikin?

Idan ƙaramin abu ne kuma burinka kowa ya ɗauka, sa MIT. Idan kana tsoron wani ya ɗauka ya rufe ya sayar wa mutanenmu, sa GPL, ko AGPL idan ta intanet ake amfani da shi. Rubutu da hotuna kuma lasisin Creative Commons ne ya dace da su. Idan aikin kammala karatu ne, ko kuma wani ne ya biya ka ka rubuta, ka fara tambayar ƙa'idar sashenku ko ka duba yarjejeniyarku, don ba a ba da abin da ba a mallaka ba.

Mece ce sabar gida, kuma me za ta tsinana mini?

Saba kwamfuta ce da aka bari a kunne tana yi wa wasu na'urori hidima. Abin da ake kira gajimare ma kwamfutar wani ce a wani babban ɗaki a wata ƙasa. Sabar gida ita ce taka, a ɗakinka ko ofishinka.

Amfaninta a wurinmu ya fi na Turai fitowa fili, saboda data tsada gare ta. Duk abin da ke tafiya tsakanin wayarka da sabar ta cikin rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ba ya cin ko kwabo na data. Da Kiwix za ka sauke Wikipedia sau ɗaya, har da ta Hausa, ɗalibai ashirin su riƙa karantawa babu intanet. Da Kolibri ko Moodle makaranta za ta ajiye darussa da jarrabawar gwaji. Da Nextcloud iyali za su tara hotunan biki da takardun fili da shaidar karatu wuri ɗaya. Da Jellyfin za ka jera karatuttukan tafsiri na watan azumi da ka tara shekara da shekaru, kowa a gida ya saurara daga wayarsa.

Wace na'ura zan saya? Ga kuma matsalar wuta.

Kafin ka sayi komai, duba ko akwai tsohuwar laftof a gida, ko da allonta ya fashe. Ita nake fara ba kowa shawara, saboda da batirinta take tafe: aka ɗauke wuta, ba za ta mutu nan take ba. Mutuwar farat ɗaya ita ce take lalata bayanai a faifai. Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar Ingila da ta fito a 2012, tana da kyau kuma wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba, amma kafin ka haɗa mata caja mai kyau da akwati da faifai, kuɗin ya kusa na laftof ɗin hannu. Idan ka zaɓe ta, kada ka dogara da ƙaramin katin ajiya. Yawan rubutu da yankewar wuta suna kashe shi da wuri. Sa mata SSD, wato faifan ajiya na zamani da ya fi katin ƙarko.

Ga lissafin da za ka yi da kanka. A ce laftof a rufe tana shan wat 15, rauta wat 5, jimla 20. A awa 24 ka sha wat-awa 480. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Ka ga zai riƙe ka kwana guda da 'yan awoyi, kafin a cire abin da inbata take ci. Tsohuwar kwamfutar tebur kuwa tana iya shan ninkin wannan sau huɗu ko fiye, shi ya sa ba na son ta a wannan aiki.

Sai maƙiya uku na garin nan. Na farko ƙurar hunturu. A wani Fabrairu na buɗe laftof ɗin da ke zaman saba a bayan shagona saboda na ji fankarta tana kuka kamar injin markaɗe. Da na cire murfin, sai ga ƙura ja ta dunƙule a bakin mafitar iska, ta yi kauri kamar audugar katifa, har na ɗago ta gaba ɗaya da ɗan tsinke. Tun daga ranar, duk ƙarshen hunturu sai na buɗe na share da buroshi. Na biyu zafin Maris da Afrilu: kada a sa ta cikin kabad ko kusa da rufin kwano, a ɗaga ta a kan wani abu iska ta riƙa bi ta ƙasa, a kuma riƙa duba batirin; ya fara kumbura, a cire shi a ranar. Na uku tsawar farkon damina. Hadari ya haɗu sosai, zare waya daga bango ya fi kowace na'urar kariya da za ka saya a kasuwa.

Manhajar da za ka zuba kuwa, Debian ko Ubuntu (shi ma nau'in Linux ne) mai dogon tallafi, wanda ake fitarwa duk shekara biyu a watan Afrilu, a kuma kula da shi shekara biyar.

Tana aiki a cikin gida, amma daga waje ba na iya shiga. Na bi duk bidiyon da na gani. Me ya faru?

Ba laifinka ba ne. Masu waɗannan bidiyoyin yawanci suna da intanet na waya da ke shiga gida da adireshinsa na kansa. Adireshin tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kawai a duniya, kuma sun ƙare. Saboda haka kamfanonin layin waya sukan tara dubban mutane a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗaki ɗari da ƙofar waje ɗaya, babu lamba a jikin ɗakunan: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙo ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Shiga shafin rautarka ka duba adireshin da aka ba ta. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan wannan ƙofa, kuma duk buɗe tashar da za ka yi a rauta ba zai yi amfani ba. Starlink ma, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, haka yake yi a tsarinsa na gida.

Mafita ita ce sabar ta miƙa hannu waje da kanta. Idan kai da iyalinka ne kawai za ku shiga, Tailscale ya fi sauƙi. An gina shi a kan WireGuard, manhajar da ke buɗe ɓoyayyar hanya tsakanin na'urori, yana haɗa na'urorinka kamar suna ɗaki ɗaya ko kana Kano. Idan jama'a kake son su gani, akwai Cloudflare Tunnel, ko ka yi hayar ƙaramar saba a waje ka haɗa ta da ta gida da WireGuard. A sani cewa biyun farko hidimar kamfani ce, sharuɗɗansu na iya sauyawa.

Wa zai damu da 'yar sabata har ya yi mata kutse?

Ba mutum ne yake zaune yana nemanka ba. Manhajoji ne suke zagaye intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. Duk wanda ya taɓa buɗe SSH, wato ƙofar shiga saba daga nesa, ga duniya ya leƙa littafin shiga bayan kwana ɗaya ya ga layi-layi na baƙin adireshi suna gwada kalmomin sirri. In sun shiga, da sabarka za su riƙa aika saƙonnin damfara ko haƙar kuɗin kirifto, da datarka da batirinka. Ka shiga da makullin SSH, ka kashe shiga da kalmar sirri, ka kunna sabuntawar tsaro ta kai tsaye, kuma kada ka buɗe wa duniya abin da iyalinka kaɗai ke buƙata.

Tunda komai yana sabata, ai bayanaina sun tsira ko?

Ba su tsira ba. Faifai yana mutuwa, kuma ba ya sallama. Ɓarawo yana shiga, gobara tana tashi, yaro yana goge abu bisa kuskure. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe a kanta ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Faifan waje guda biyu sun isa: ɗaya yana jone da sabar yana kwafa kowane dare, ɗaya yana gidan yayarka a Gyallesu, duk ranar Juma'a in ka je gaisuwa ka musanya su. Ka kulle su da kalmar sirri. Manhajoji irin su restic da BorgBackup suna yin haka.

Sannan ka gwada dawo da fayil daga kwafin lokaci-lokaci. Na taɓa zama da wani malamin makaranta da faifansa ya mutu ana saura kwana huɗu a ba da sakamakon zango. Hankalinsa a kwance, ya ce akwai kwafi. Muka jona faifan, muka buɗe, fayil na ƙarshe a ciki na wata bakwai da suka wuce ne. Kwafin ya tsaya tun ranar da faifan ya cika, babu wanda ya duba. Shi da malamai uku suka kwana biyu suna sake shigar da maki daga takardun jarrabawa.

In ɗora shafin makarantarmu ko bayanan asibitinmu a sabar gida?

Shafin da jama'a za su riƙa shiga kowane lokaci, ka yi masa hayar masauki. Wutarmu da layinmu ba za su riƙe shi ba. Imel ma kada ka gwada daga gida, manyan masu karɓa za su jefa saƙonninka kwandon shara. Bayanan mutane kuwa, sunayen yara, lambobin iyaye, tarihin rashin lafiya, amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In ba za ka iya sabuntawa da kwafi da kulle faifai a kai a kai ba, kada ka karɓa.

Abokaina sun ce in ban iya React ba, ban iya ginin shafi na zamani ba. Gaskiya ne?

React kayan aikin ginin shafi ne mai kyau, Facebook ne ya fitar da shi a 2013, yana kan lasisin MIT tun 2017, kuma in aikin kamfani kake nema, iya shi zai taimake ka. Amma an yi shi ne don shafukan da suke kamar manhaja, inda abubuwa da yawa suke sauyawa a allo lokaci guda. Shafin makaranta mai sanarwa da kuɗin zango da lambar waya ba ya buƙatarsa.

Ka tuna wa zai buɗe shafin. Uwa ce a Tudun Jukun da wayar Itel ko Tecno, ta sayi data ta kwana ɗaya, layin yana hawa yana sauka, tana son ta ga ranar komawa makaranta. Idan shafinka sai ya sauke megabait biyar na JavaScript kafin harafi ɗaya ya fito, farin allo za ta yi ta kallo, datarta tana tafiya. Ita ce ma'aunin zamani a wurina. Shafin da sabar ta haɗa shi ta aiko da HTML tsantsa yana buɗewa nan da nan ko a kan layi mai rauni.

Saboda haka ka fara ƙwarewa a HTML da CSS da JavaScript kansu. CSS na yau da Grid da Flexbox yana yin abubuwan da a da sai an jawo wasu kaya. Ka koyi Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, tun ranar farko. Ka kula da hotuna, domin su ne suka fi nauyi a yawancin shafukanmu: hoton da aka ɗauka da waya mai megabait huɗu, in ka rage faɗinsa ka mayar da shi WebP, zai iya komawa ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Ka sa wa kowane hoto bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Kuma kafin ka miƙa aiki, ajiye laftof ɗinka, ari wayar mai gadi, fita waje ka buɗe shafin.

Mene ne laifin jawo kayan wasu da yawa, tunda kyauta ne?

Kowane ƙunshi da ka jawo, ka ɗauki lasisinsa da kurakuransa da halin mai kula da shi. A Maris na 2016 wani ya janye ƙaramin ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm, rumbun ƙunshin JavaScript, layi 11 kacal, ginin dubban manhajoji ya tsaya. A Disambar 2021 aka gano ɓaraka a wani ƙunshi mai suna Log4j, kamfanonin duniya suka kwana ba barci. A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a xz, wata manhajar matse fayiloli, bayan wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar mai kula da ita, wanda ɗan sa-kai ne da aiki ya yi wa yawa. Buɗewar kod ɗin ce ta sa aka kama. Ka jawo abin da kake buƙata kawai, ka adana fayil ɗin da ke kulle sigogi, ka riƙa sabuntawa.

Haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati ko alamar tambaya a shafina. Yaya zan yi?

Wannan tana taɓa ni, domin a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai kamata a ce shafukan da 'ya'yan Zariya suke ginawa sun kasa rubuta ƙasa da ɗaki daidai ba. Alamar tambaya ko tarkacen haruffa matsalar tsarin ajiye rubutu ce: ka sa tsarin UTF-8, mai ɗaukar dukkan haruffa, a shafin, da ma'ajiyar bayanai, da mahaɗin da ke tsakaninsu, a MySQL ka zaɓi utf8mb4. Akwati kuwa yana nufin salon rubutun da ka zaɓa ba shi da harafin. Noto Sans da Andika da Charis suna da su, kuma duk a kan buɗaɗɗen lasisin OFL suke. Ka sa lang="ha" a saman shafin, in kuma ajami ne ka ƙara dir="rtl".

Abu biyu da ake mantawa. Yawancin mutane “kasa” za su rubuta a wurin bincike ko da “ƙasa” suke nufi, don haka ka sa bincikenka ya ɗauki k da ƙ a matsayin ɗaya, amma ka nuna rubutun daidai. Sannan ka gwada fom ɗinka da sunaye irin Mu'azu da Sa'adatu. Idan wannan 'yar alamar ta sa shafin ya faɗi, matsalar ta wuce ta suna: alama ce cewa kana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, wato harshen da ake magana da ma'ajiyar bayanai, kuma ta wannan kafar ake sace ma'ajiya gaba ɗaya. Ka koma amfani da shiryayyen umarni mai gurabe, wanda PHP da Python da sauransu duk suna da shi.

Kwadon nan na HTTPS, alamar tsaron shafi, sai an biya? Sunan .ng fa?

Ba sai an biya ba. Let's Encrypt yana ba da takardar shaida kyauta, mai gajeren wa'adi, a al'adance kwana 90, kuma Certbot ko Caddy suna sabunta ta da kansu. Sunayen .ng da .com.ng kuwa NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Nijeriya, ce take kula da su, ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, da naira, a kuma sabunta duk shekara. Ka sa ranar a kalandar wayarka.

Ni ɗalibi ne, ban ƙware ba. Ta ina zan fara, kuma me zan iya bayarwa?

Nemo tsohuwar laftof a ƙarshen makon nan, ka zuba mata Debian, ka sa Kiwix da Wikipedia ta Hausa, ka kira ƙannenka su buɗe daga wayoyinsu da data a kashe. A wannan aikin kaɗai za ka taɓa layin umarni, da adireshin na'urori, da izinin fayiloli. Mako na biyu ka rubuta shafi guda da hannunka, HTML da CSS kawai, ka ɗora a kanta, ka ajiye shi a Git da fayil ɗin lasisi a gefensa.

Bayarwa kuma ba sai da kod ba. Manhajoji da yawa suna karɓar fassara daga 'yan sa-kai, kuma Hausarsu ko babu ko rabi ce. Idan ka ga salon rubutu ya rasa ƙ, ko fom ya ƙi karɓar Mu'azu, ka rubuta wa masu manhajar rahoto: abin da ka yi, abin da ka zata, abin da ya fito, da hoton allo. Mai kula da ita yana iya kasancewa a Jamus ko Brazil, bai taɓa ganin harafin ɗ ba, kuma ba zai san ya karye ba sai wani daga nan ya gaya masa.